Me ya sa cire kebul tsakanin ƙananan na'urorin wasa biyu yake da wuya haka?

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu haɗa ƙananan na'urorin wasan bidiyo da hannunsu. Tunda yanzu ana samun ɗan guntun Wi-Fi da bai wuce girman babban yatsa ba, kuma kowa na iya jona shi a jikin na'urarsa, me ya hana mutum biyu su buga wasa ɗaya ta iska, kamar yadda ake yi da kebul tun shekaru sama da talatin da suka wuce? A lissafin mai tambayar, kebul ɗin Game Boy, na'urar wasan hannu ta kamfanin Nintendo ta 1989, tafiyar hawainiya yake yi, Wi-Fi kuwa ya ninka shi gudu sau dubbai, don haka aikin bai kamata ya ɗauki yini guda ba. Sai a jona guntun, a kunna, fitilarsa na ƙyaftawa, saƙo na wucewa lafiya lau, amma wasan ya ƙi tafiya. Ko dai ya riƙa cijewa yana saki, ko kuma bayan minti biyu kowane ɗan wasa ya ga a allonsa cewa shi ne ya yi nasara.

Kuskuren yana cikin auna lamarin da gudu. Wasa irin wannan bayanai kaɗan yake aikawa, kaɗan ƙwarai. Abin da ba ya iya rayuwa babu shi shi ne tabbacin lokacin da bayanan za su iso, kuma wannan tabbacin ne kebul yake bayarwa kyauta, iska kuma take ƙwacewa.

Wace irin na'ura ake nufi?

Iri biyu ne. Akwai tsofaffin na'urorin kamfani, irin su Game Boy da Mega Drive da kwamfutocin Atari na shekarun 1980, waɗanda masu sha'awa suke rubuta musu sababbin wasanni har gobe, ba da tallafin kamfanin ba. Akwai kuma sababbin na'urori da aka ƙera da gangan a kan ƙarfin na da, aka saki zanensu a fili domin duk mai so ya haɗa tasa. Uzebox, wadda Alec Bourque ya ƙirƙira, tana cikinsu. Gaba ɗayanta a kan ƙaramin furosesa ATmega644 take tafiya, wato guntun da ke yi mata lissafi, mai ma'adanar aiki ta bayit 4,096 kacal (bayit ɗaya kusan gurbin harafi ɗaya ne), tana fitar da hoto zuwa talabijin, ana kuma sarrafa ta da hannun wasan Super Nintendo. Arduboy ta Kevin Bates ta fi ta ƙanƙanta, girman katin banki, da ma'adanar aiki ta bayit 2,560. Ma'adanar kowacce daga cikinsu ba za ta ɗauki ko rabin wannan rubutun da kake karantawa ba. Wasannin da mutane suke rubuta wa irin waɗannan na'urori don sha'awa su ne ake kira wasannin ƙirar gida.

Abu ɗaya ya haɗa su duka, kuma shi ne ma'aunin komai a nan gaba. Galibi allon yana sauya hoto kusan sau 60 a daƙiƙa. Kowane sauyi guda, wato firem ɗaya, yana da milisakan 16.7 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). A cikin wannan ɗan taƙin dole na'ura ta karanta maɓallan da aka danna, ta lissafa motsin kowa, ta fitar da sauti, ta zana hoto. Duk abin da bai iso cikin milisakan 16.7 ba, ya makara.

Abin da kebul yake bayarwa

Dubi yadda Game Boy biyu suke magana. Kowacce tana da ɗan gurbi mai ɗaukar bayit ɗaya, wato bit takwas, kowane bit kuwa sifili ne ko ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ce take kaɗa agogo, ɗayar tana bi. Da agogon ya buga sau takwas, bayit ɗin wannan ya koma can, na can ya dawo nan, hannu da hannu, a lokaci guda. Gudun asali bit 8,192 ne a daƙiƙa, wato bayit ɗaya yana cin kusan milisakan ɗaya, kuma a firem guda ba za a wuce bayit 17 ba ko an matsa. Amma Game Boy maɓallai takwas gare ta: sama, ƙasa, hagu, dama, A, B, Start da Select. Bayit ɗaya ya ɗauke su duka. Ashe ma gudun ya yi yawa.

Bayan haka kebul yana ɗauke da alkawura uku da mai rubuta wasa ba ya ko tunaninsu. Saƙo zai isa, zai isa a jere yadda aka aika shi, kuma zai isa a lokacin da aka san zai isa. A kan waɗannan alkawuran aka gina tsofaffin wasannin mutum biyu, har cikin ƙashinsu.

Shi kansa kamfanin Nintendo bai iya kauce wa wannan ba. A 2004 ya fitar da ɗan abin da ake maƙala wa Game Boy Advance a yi wasa ba kebul, tare da wasannin Pokémon FireRed da LeafGreen. A ramin kebul ɗin ake cusa shi, amma bai maye gurbin kebul ba. Wasannin da aka rubuta don kebul ba sa aiki da shi, sai waɗanda aka rubuta musamman dominsa, kuma ba su da yawa. Idan kamfanin da ya ƙera na'urar da kebul ɗin da abin maƙalawar bai iya mai da iska ta zama kebul ba, mai sha'awa da ke zaune da ƙarfen walda a ɗakinsa kada ya ga laifin kansa.

Abin da iska take ƙwacewa

Wi-Fi na waɗannan guntayen a zangon mita 2.4 GHz yake aiki, zangon da ba a neman lasisi kafin a shige shi. Shi ya sa kowa yana ciki: rautocin maƙwabta (akwatunan da ke rarraba Wi-Fi a gida), Bluetooth na wayoyi da abin sauraro na kunne, har tanderun maikurowef. Ƙa'idar Wi-Fi ita ce na'ura ta saurara kafin ta yi magana. Kamar zaure ne da ya cika da mutane, kowa sai ya ji an yi shiru kafin ya buɗe baki, in kuma biyu suka fara tare, sai duka su yi shiru, kowa ya jira wani ɗan lokaci da ya zaɓa da ka, sannan ya sake gwadawa. Saƙon da ya wuce cikin milisakan 2 yanzu, na bayansa yana iya cin 40, na bayan wannan kuma ya ɓace ɗungurungum.

Matsaloli uku ke nan, kuma mutane suna yawan cuɗa su. Jinkiri shi ne tsawon lokacin da saƙo yake ɗauka. Hawa da saukar jinkiri shi ne yadda wannan lokacin yake canzawa daga saƙo zuwa saƙo. Ɓacewa kuwa a bayyane take. A cikin ukun, jinkiri tsayayye shi ne mafi sauƙi, domin abin da aka san girmansa ana iya yi masa tanadi. Hawa da saukar ne yake kashe wasa. Hanyar da kullum take cin milisakan 30 ta fi wadda take cin 5 sau tara, a na goma ta ci 120.

Akwai kuma wani tarko da yake kama sababbin shiga. Guntayen Wi-Fi suna zuwa da tsarin tanadin wuta a kunne. Rediyon yana yin barci, yana farkawa ne idan rauta ta yi shelarta, wadda a bisa al'ada take yi duk bayan milisakan 102.4. Saƙon da ya zo ana barci sai ya jira. Firem shida ke nan sun tafi a banza, kuma maganin layi ɗaya ne a cikin manhaja: a kashe barcin, a yarda batir ya sha wuya.

In wasan ta intanet ne, sai nisa ya shigo. Haske a cikin zaren gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 milisakan 5 ne zuwa, 5 dawowa, tun kafin a lissafa tsayawar da saƙo yake yi a hanya. Wannan babu dabarar da take rage shi.

Ƙofar da ke tsakanin guntu da na'ura

A nan ne gizo yake saƙar, kuma nan ne aka fi mantawa. Ko da iska ta yi kyau, sai saƙo ya bi ta wata 'yar siririyar ƙofa kafin ya shiga cikin wasan.

Guntun da ya buɗe wannan fagen shi ne ESP8266 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya bazu a hannun masu sha'awa daga 2014. Shi ne masu Uzebox suka ɗora a kan tasu na'urar. Ana haɗa shi da furosesa ta layi biyu, ɗaya na fita ɗaya na shiga, bayit na bin bayit. A gudun da aka fi amfani da shi, bit 115,200 a daƙiƙa, ana samun bayit 11,520 a daƙiƙa, wato 192 a kowane firem. Duk gudun Wi-Fi da ake taƙama da shi, a nan yake tsukewa.

Bayit 192 ya isa. Matsalar ita ce wa zai tsaya a ƙofar ya karɓa. Uzebox ba ta da guntun zana hoto na daban. Furosesan ne da kansa yake fitar da kowane ɗigo na hoton, shi ya sa ma aka tura shi gudun 28.6 MHz alhali 20 aka rubuta masa. Hoton talabijin ɗin yana da layi 262 a firem, kowane layi maikurosakan 63.5 (maikurosakan dubu ne milisakan ɗaya), kuma a yawancin wasanni layi 224 daga ciki zane ake yi. Yayin da yake zana layi ba ya iya waiwayawa ko na ƙiftawar ido, in ya waiwaya hoton ya karkace a allo. A can ƙofar kuwa sabon bayit yana isowa duk bayan maikurosakan 87, gurbin jiran furosesan kuma bayit biyu kawai yake riƙewa. In aka bar ƙofar na tsawon layi biyar ba a leƙa ba, wani bayit ya faɗi ƙasa, kuma babu wanda zai sake kawo shi. Dabarar da take aiki ita ce a leƙa ƙofar a ɗan hutun da ke ƙarshen kowane layi, a ɗauki abin da ya iso a jefa shi a ma'ajiyar jira, wasan ya zo ya kwashe idan an gama zane. Tunda layi ya fi bayit saurin zagayowa, 63.5 a kan 87, ba abin da zai zube. Amma ma'ajiyar jiran daga cikin bayit 4,096 ɗin nan za a yanke ta, kuma duk bayit da aka ba ta an hana wasan ne.

Sai kuma yaren da guntun yake ji. Manhajar da yake zuwa da ita daga masana'anta tana karɓar umarni ne a rubuce, irin salon tsofaffin modem. In kana son aika bayit huɗu, sai ka rubuta masa AT+CIPSEND da adadin, ka jira ya maido maka da alamar cewa ya shirya, ka zuba bayanan, ka sake jira ya ce ya aika. Saƙon da ya shigo kuma yana zuwa ne da +IPD a gabansa, sai ka tsince shi daga cikin sauran surutun. Yin wannan sau 60 a daƙiƙa a kan furosesan da ba shi da lokacin kansa azaba ce. Akwai yanayin wucewa kai tsaye, inda duk abin da ka zuba yake tafiya ba tambaya, sai dai a can ma guntun yana tara bayanai ne yana sakin su a ƙunshi da tazarar milisakan 20, abin da ya fi firem guda tsawo. Mutum yana iya kwana yana zargin rautarsa, alhali jinkirin a kan allon na'urarsa aka haife shi, tsakanin guntu biyu da tazararsu ba ta kai tsawon yatsa ba.

Me za a aika: maɓallai ko halin wasan?

Tsohuwar dabara, wadda ta fi dacewa da ƙananan na'urori, ita ce tafiya taku ɗaya. Kowace na'ura tana gudanar da wasan gaba ɗaya, abin da suke musaya kawai shi ne maɓallan da kowa ya danna. In sun fara daga hali ɗaya, suka sami maɓallai iri ɗaya a firem iri ɗaya, dole su ga abu ɗaya. Haka wasan Doom ya yi a 1993 da mutum huɗu, yana musayar maɓallai sau 35 a daƙiƙa. Hannun Super Nintendo maɓallai 12 gare shi, bayit biyu sun ɗauke su. Babu abin da ya kai wannan arha.

Amma sharaɗinsa mai tsauri ne: lissafin na'urorin biyu ya zama ɗaya har zuwa bit na ƙarshe. Ga irin kuskuren da yake rusa shi. Mai rubuta wasa ya tsara cewa a kowane firem a fara motsa "nawa" ɗan wasan, sannan na abokin karawa. A na'urar farko "nawa" shi ne ja, a ta biyu "nawa" shi ne shuɗi. Ran da su biyun suka kai hannu kan abu ɗaya a firem ɗaya, nan ja ne ya ɗauka, can shuɗi ne. Daga wannan firem ɗin wasanni biyu ake yi daban-daban, kowa yana karawa da inuwa, kuma babu wanda allonsa zai gaya masa. Haka yake faruwa idan lambobin sa'a na wasan, waɗanda suke yanke inda abokin gaba zai ɓullo, sun samo tushe daga agogon kowace na'ura maimakon lamba ɗaya da aka amince da ita tun farko. Ko kuma wani gurbi a ma'adana da ba a share ba lokacin kunnawa. Shi ya sa masu hankali suke sa kowace na'ura ta tara matsayin duk abin da ke fili ta fitar da 'yar lambar tantancewa, a riƙa musayar ta lokaci-lokaci. In lambobin suka saɓa, gara wasan ya tsaya ya faɗi gaskiya da ya ci gaba da yaudarar mutum biyu.

Ko agogon na'urorin ma ba ɗaya ba ne. A ƙaddara saɓaninsu kashi 50 ne cikin miliyan, abin da ba baƙo ba ne ga irin waɗannan kayan. Duk bayan minti biyar da rabi ɗaya za ta tsere wa ɗaya da firem guda. A kebul wannan ba ya tasowa domin agogo ɗaya ake bi. A iska dole wadda ta yi gaba ta riƙa dakatawa taku ɗaya jefi-jefi.

To yaya ake yi da jinkiri? Ana sayen lokaci ne. Maɓallin da ka danna a firem na 100 ba ya aiki sai a na 103, a na'urarka da ta abokinka baki ɗaya. Firem uku milisakan 50 ne, kuma duk saƙon da ya iso cikin wannan tazarar bai makara ba. Yawancin mutane ba sa jin firem biyu ko uku a hannunsu. Daga shida zuwa sama kuwa wasan tsalle-tsalle ya fara nauyi.

Ɓacewa kuma ana maganinta da maimaici. A nan ne mutane da yawa suke zaɓar TCP, tsarin da shafukan intanet suke tafiya a kai, don an ce ba ya yar da saƙo. Gaskiya ne ba ya yarwa, amma in ƙunshi ɗaya ya ɓace sai ya tsare duk na bayansa har a sake aiko shi, jiran kuma yakan kai milisakan 200 ko fiye, firem 12 ke nan allo a daskare. Yana kuma da wata ɗabi'a da John Nagle ya tsara a 1984, ta tara ƙananan saƙonni kafin a aika, wadda take da amfani ga hanya amma guba ce ga wasa in ba a kashe ta ba. UDP, ɗaya tsarin aika saƙo a intanet, ba ya alkawarin komai, yana jefawa ne ya wuce, kuma shi ya fi. Sai ka sa kowane ƙunshi ya ɗauki maɓallan firem takwas na baya: bayit 16, da biyu na lambar firem, da biyu na tantancewa, 20 ke nan. In ƙunshi uku a jere suka ɓace, na huɗu ya zo da duk abin da suka ɗauko, ba wanda ya roƙi a sake aikowa. Kanun adireshi da tsarin intanet (IP) da UDP suke ɗora wa kowane ƙunshi ma bayit 28 ne, ya fi kayan da ke ciki, don haka rowar bayit a nan ba ta da ma'ana.

Akwai dabarar da ta fi wannan daɗi a hannu, wadda masu wasannin faɗa suka sani ta hanyar manhajar GGPO ta Tony Cannon, da aka saki lambobinta ga kowa a 2019. Na'ura ba ta jira. Tana zaton abokin karawa yana nan riƙe da abin da ya riƙe a firem ɗin baya, ta ci gaba. In gaskiya ta iso ta saɓa wa zaton, sai ta koma baya zuwa inda aka rabu, ta sake lissafa firem ɗin da suka wuce cikin ƙiftawa, ta nuna sakamakon da ya dace. A kwamfutar zamani wannan ba komai ba ne. A ƙaddara kuwa halin wasanka bayit 300 ne, kana son ajiye na firem shida: bayit 1,800 sun tafi, kusan rabin ma'adanar Uzebox. Sannan furosesan da layi 38 kawai suka rage masa a firem zai lissafa taku shida a lokacin da aka yanka wa ɗaya. Yana yiwuwa ga wasa mai 'yan abubuwa kaɗan a fili, kamar sanda biyu da ƙwallo. Ga mafi yawan wasanni ba ya yiwuwa, kuma ina ganin ɓata lokaci ne mai sha'awa ya fara daga nan.

Hanya ta uku ita ce na'ura ɗaya, ko wata kwamfuta a tsakiya, ta zama alƙali, ta riƙa aiko wa kowa inda komai yake. Ita ce hanyar da wasan Quake ya bi a 1996. Ba ta tsoron saɓanin lissafi, kuma mutum na iya shigowa ana tsakiyar wasa, amma tana cin bayit: abubuwa 20 a fili, kowanne bayit huɗu, 80 ke nan a kowane firem ta wannan siririyar ƙofar. Wasannin da ake yi bi da bi kuwa, irin su kati da dara, duk wannan bai dame su ba. Ko TCP ya ishe su, kuma da su ya kamata mai koyo ya fara.

Abin da ba ya aiki shi ne a gama wasa na mutum ɗaya sannan a ce bari a liƙa masa hanyar sadarwa. Tun ran gini tun ran zane. Wasan da za a buga ta iska, daga layin farko ake raba lissafinsa da zanensa, a sa komai ya rataya a kan lambar firem da maɓallai kaɗai.

Ba Wi-Fi kaɗai ne rediyo ba

In 'yan wasan suna ɗaki ɗaya, bi ta rauta zagaye ne: saƙo ya hau iska zuwa rauta, ya sake hawa iska zuwa abokinka da ke gefenka. Espressif yana da tsarin ESP-NOW, inda guntu yake magana da guntu kai tsaye, ba rauta ba kalmar sirri, da ƙunshi har bayit 250 a tsarinsa na asali. Akwai kuma nRF24L01+ na kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norway, wanda ƙunshinsa bayit 32 ne, yana tabbatar da isar saƙo yana sake aikawa da kansa, kuma wutar da yake ci ba ta kai ko kusa da ta Wi-Fi ba. Ƙunshin nan namu mai bayit 20 ya shige shi daidai. Ga mutum biyu zuwa huɗu a wuri ɗaya, waɗannan biyun su suka fi kusa da halin kebul. Bluetooth mai tanadin wuta yana musaya ne a zagaye da ba ya gaza milisakan 7.5, ya isa, sai dai tsarinsa yana da nauyin koyo. Amma babu ɗayansu da zai kai ka intanet. Wannan sai Wi-Fi.

Gardamar da ba ta mutu ba

ESP8266 furosesa ne mai bit 32 da ke gudun 80 MHz. Ƙanensa ESP32, na 2016, yana da ƙwaƙwalwa biyu masu kai wa 240 MHz da ma'adanar aiki da ta ninka ta Uzebox sau fiye da ɗari. Wato ɗan aiken ya fi mai gidan ƙarfi nesa ba kusa ba. Wasu suna ganin wannan ya rusa ma'anar abin. In za ka ɗora irin wannan guntun, me ya hana ka gudanar da wasan a kansa ka huta? Daɗin sana'ar a wurinsu shi ne matsi, a ga abin da mutum zai iya fitarwa daga bayit 4,096. Wasu kuma suna cewa tarihi ba ya goyon bayan wannan tsaurin. A 1993 Nintendo ya saka guntun Super FX a cikin kaset ɗin Star Fox domin ya yi lissafin da na'urar ba ta iyawa, ba wanda ya ce ba wasan Super Nintendo ba ne. FujiNet, wani abin maƙalawa da aka gina a kan ESP32, ya kai tsofaffin kwamfutocin Atari intanet, masu su kuma sun karɓe shi hannu bibbiyu.

Ni ina tare da ɓangare na biyu, amma da iyaka. Guntun ya ɗauki duk wahalar hanya: ya maimaita ƙunshi, ya jera su, ya zubar da tsofaffi, ya miƙa wa na'ura maɓallan firem kaza a tsabtace. Lissafin wasan kuwa ya zauna a na'urar. Dalilina na aiki ne. Da zarar dokokin wasa sun koma cikin guntun rediyo, kowane wasa zai buƙaci tasa manhajar a can, mai na'ura kuma zai riƙa sake loda guntun duk sanda ya canza wasa. Ko manhaja ta musamman guda ɗaya da kowa zai yi tarayya a kai tana da farashinta, domin wanda ya saya da manhajar masana'anta sai ya nemi kayan lodawa kafin ya shiga sahu. Masu cewa a zauna a kan umarnin AT duk da jinkirinsa, don kowa ya iya shiga, ba shirme suke faɗa ba.

Abin da mai wasa zai gani a hannunsa

Na farko batir. ESP8266 yana jan kusan miliamfiya 170 lokacin aikawa, a fizge, kuma da volt 3.3 yake aiki alhali furosesa irin na Uzebox yana kan 5. In wutar ba ta da ƙarfin ɗaukar fizgar, guntun zai riƙa mutuwa yana tashi a tsakiyar wasa, mai shi yana zaton hanya ce ta yanke. Na biyu shiga rauta: rubuta doguwar kalmar sirri da maɓallan sama da ƙasa, harafi bayan harafi, sannan a gano cewa rautar a zangon 5 GHz take, wanda guntun ba ya ji sam. Tsarin tsaro ma yana tsufa. Wasannin Nintendo DS na asali WEP kaɗai suka sani, tsarin da aka daɗe da fasawa, rautocin yanzu kuma da yawa sun daina karɓarsa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Na'urori biyu a gidaje biyu ba sa ganin juna kai tsaye, domin kowace rauta tana ɓoye na'urorin da ke bayanta, tana kuma ƙin saƙon da ba a nema ba. Saboda haka ana buƙatar uwar garke, wata kwamfuta a intanet da kowa zai kira, ta haɗa 'yan wasa, sau da yawa ma ta riƙa miƙa saƙonninsu. Nintendo ya buɗe irin wannan hidimar ga DS a 2005, ya rufe ta ranar 20 ga Mayun 2014, wasanni masu yawa suka rasa ɓangarensu na intanet a yini ɗaya, sai da masu sha'awa suka gina madadi irin su Wiimmfi. A duniyar ƙirar gida kuwa uwar garken galibi mutum ɗaya ne yake riƙe da ita, da kuɗin aljihunsa da lokacin hutunsa. Zai iya gajiya, aiki zai iya canza masa, sunan shafin zai iya ƙarewa ba a sabunta ba.

Don haka akwai abubuwan da ya dace mai wasa ya tambaya kafin ya saba da wani wasa, mai rubutawa kuma ya tanada tun ba a tambaye shi ba. A sami yanayin da na'ura biyu za su haɗu a ɗaki ɗaya ba tare da kowa a tsakani ba. A rubuta tsarin ƙunshin a fili, bayit na farko kaza ne, na biyu kaza, a saki lambobin uwar garken domin wani ya iya tayar da tasa. Adireshin uwar garken kuma kada a ƙone shi a cikin wasan. A ajiye shi a katin ajiya ko a shafin saituna, inda mai na'ura zai iya goge shi ya rubuta wani da hannunsa.